Dokina na zubar da majina mai wari ta hanci ɗaya: in ɗura masa magani?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da ingarma ɗan shekara tara da nake hawan Sallah da shi. Kusan wata guda ke nan majina mai kauri tana zubo masa ta hancin hagu kawai, kuma tana wari ƙwarai. Yana cin harawa da dusa, sai dai yana jinkirin tauna. An yi masa allurar LA, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta mai daɗewa a jiki, sau biyu, majinar ta tsaya, ta dawo. Yanzu wani mai maganin dawaki ya ce a haɗa man gyaɗa da tafarnuwa da kanwa a ɗura masa ta hanci, wai zai wanko dattin. Hankalina ya tashi, ga Sallah ta matso. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya ba shi lafiya. Kafin komai, kada ka bari a zuba wa dokin nan ko cokali ɗaya ta hanci.

Hanci ɗaya, wari, jinkirin tauna, ga allura tana kwantar da abin ya sake tasowa: wannan ya fi kama da ruɓewar saiwar haƙori. Saiwoyin turamen sama na can ƙurya suna kutsawa cikin kogon ƙashin fuska, wanda ke da ƙofa zuwa hanci. In saiwa ta ruɓe, mugunya ta taru a kogon, sai ta riƙa tsiyayowa ta hancin wannan ɓangaren. Muddin haƙorin na nan, allura lallashi ce kawai. Likita zai buɗe bakin da ƙarfen buɗe baki ya haska, ya ƙwanƙwasa ƙashin fuska ya saurara, in ta kama a ɗauki hoton kai. Asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri su ne wuraren da za ka nufa idan na kusa da kai ba shi da kayan aiki. Sau da yawa sai an cire haƙorin an wanke kogon.

Kafin likita ya zo, ka auna zafin jikin dokin ta dubura safe da yamma. Na lafiyayyen doki tsakanin digiri 37.5 ne da 38.5 a ma'aunin Celsius. Ka shafa ƙarƙashin muƙamuƙi. In ka ji kaluluwa ta kumbura sosai, ga zazzaɓi, majina kuma ta koma hanci biyu, to cutar nan ce mai yaɗuwa da ke fashewa da mugunya a maƙogwaro. A raba masa turke, bokiti da mai kula da shi nan take. Majina mai ruwa-ruwa da busasshen tari da ta kama barga gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki murar dawaki ce, irin wadda ta yi ɓarnar jakuna a Sakkwato da Jamhuriyar Nijar a ƙarshen 2018 zuwa 2019. Kumfa ta hanci da kumburin saman ido a damina kuwa, a kira likitan gwamnati ya aika samfur cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Jini da ke ɗiga ba tare da an yi sukuwa ba shi ma ba ya jiran gobe.

To, mu dawo kan ɗurar nan, don ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Na rasa inda aka samo cewa hancin doki bututu ne da ake wankewa. Doki ba ya numfashi ta baki kamar ni da kai. Hancin nan kaɗai ne hanyar iskarsa. Idan aka ɗaga kansa sama da igiya aka kwarara ruwa, ba ya samun damar haɗiya yadda ya kamata, sai abin ya bi maƙogwaron iska ya sauka huhu. Mai ya fi komai sharri a nan, domin yana sulalewa ba tare da ya tayar da tari sosai ba, kuma huhu ba ya iya fitar da shi. Kanwa da tafarnuwa kuma suna ƙone fatar cikin hanci. Bayan kwana biyu ko uku sai zazzaɓi, haki, numfashi mai warin ruɓa. A lokacin ne ake kiranmu, mai ɗurar ya riga ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ana cewa wai cutar ce ta yi ƙarfi ko kuma baki ne ya kama dokin.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne majinar da doki ke fyatowa bayan ɗura. Sai a ce ga datti ya fito. Ba datti ba ne, hanci ne ya ji ƙuna yake kare kansa. Kogon da mugunyar take ciki ƙofarsa 'yar siririya ce, abin da aka zuba ba ya ma isa can. Haka hayaƙin barkono da tsumma da ake turara masa a buhu: shaƙe shi kawai ake yi.

Mafi muni shi ne dokin da dusa busasshiya ta maƙale wa a maƙoshi, ka ga yawu da ɓarɓashin abinci na fitowa ta hanci biyu. Maƙoshi a toshe yake, duk abin da aka ɗura, ta baki ko ta hanci, huhu zai nufa. A janye abinci da ruwa, a bar kansa ƙasa, a kira likita. Kada wani ya ce ai likitoci ma suna zura roba ta hanci. Robar tana wucewa har tumbi ne, kuma sai mun tabbatar ba ta shiga hanyar iska ba kafin mu zuba komai.

Malam, dabbar nan amana ce a hannunka, ba ta da bakin cewa kada a yi, kuma za a tambaye ka yadda ka riƙe ta. Bana ka haƙura da hawa da shi, ka ari wani. Ka jiƙa masa dusa, ka ajiye abincinsa a ƙasa don mugunyar ta riƙa tsiyaya, ka daina allurar LA ba da umarnin likita ba, sannan a duba bakin nan cikin makon nan.