Kun Tambaya: Kwalin Lemo Bai Kumbura Ba, Amma Warin Magani Yake

Tambaya: Malam, na buɗe wa yarana kwalin ruwan tuffa, wa'adinsa da saura wata biyar, kwalin bai kumbura ba, bai huje ba. Ƙaramata ta kurɓa ta tofar. Da na shinshina sai na ji wari irin na maganin wanke ɗakin asibiti, haɗe da ƙauri. Guba ce aka sa?
Daga wata uwa mai karanta mu

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Yadda kika kwatanta warin nan, na fi zargin wata bakteriya mai suna Alicyclobacillus acidoterrestris. Ba a san ta da sa mutum ciwo ba, ɓata lemo kawai take yi. Duk da haka ki zubar da shi, kada yaran su ƙara sha.

A ƙasa take zama. Ɗan itacen da ya faɗo ya kwashi turɓaya, shi ke rakiyarta zuwa masana'anta. Can ana dogara da abu biyu: tsamin lemon, da dumama shi zuwa wajen digiri 90 na 'yan daƙiƙu. Yawancin ƙwayoyi nan suke mutuwa. Ita kuwa dama a dunƙule take tana barci cikin wani ƙwanso mai tauri, zafin ya wuce ta kanta, har ma shi ke tashinta daga barci. Tsamin kuma ko a jikinta. In kwalin ya zauna wuri mai ɗumi, musamman tsakanin digiri 40 da 50, sai ta yi ta hayayyafa tana fitar da wani sinadari, gwayakol. Shi ne warin da kika ji. Ɗan mitsitsinsa ya isa hanci ya kama.

Abin da ya fi damuna da ita, ba ta fitar da iska, shi ya sa kwalin bai kumbura ba. Ido ba zai gaya miki komai ba sai kin buɗe. Haka ta yi wa masu ruwan tuffa a Jamus a 1982, lokacin da aka fara kama ta da wannan ɓarna. Danginta kuwa tun 1967 aka gano su a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Japan.

Ƙasa da digiri 20 ba ta iya yaɗuwa. Don haka sauran kwalayen ki ɗauke su daga kusa da murhu ko tagar da rana ke duka, in da wuri a firji ki sa su ciki. Wanda ya lalacen kuma ki kwafi lambar da ke jikinsa ki sanar da kamfanin, da ita za su bi sawun sauran da aka zuba tare da shi.