Bayan an saka wa mahaifiya coil (siririyar waya da ake cusawa don toshe kumburin jijiyar jini) a jijiyar kai, me za mu lura da shi?

Ɗan'uwa Allah ya ba Mama lafiya. In ta matsematsi aka zura bututun da ya kai coil ɗin, kumburi kaɗan da ɗan kwanciyar jini a wurin ba abin tsoro bane, amma in jini ya ɓalle a danne da ƙarfi a nufi asibiti. Abin da yafi haɗari shine gudan jini ya toshe jijiya ko kumburin jijiyar kan ya fashe, in kaga baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe ko ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, kar ku jira gari ya waye. In an saka stent (ƙaramin bututun raga da ake sawa cikin jijiya) kada ta daina magungunan hana gudan jini aspirin da clopidogrel sai likita yace. Kuma a koma hoton jijiyar kan wajen wata 6, coil kan dunƙule jini ya sake shiga kumburin jijiyar.