Amsa ga Hajiya kan allurar fakta da garkuwar jiki

Salamu alaikum 'yan gurup. Hajiya na ji saƙonki, kin ce maƙociyarki ta ce allurar fakta (sinadarin da ke sa jini ya daskare) da ake wa yaronki mai himofiliya (ciwon da jini ba ya saurin tsayawa) tana kashe garkuwar jiki ko? To a'a wallahi, allurar ba ta raunana sojojin jiki, su sojojin ne ma wani lokacin suke tasar mata. Kin ga yaro mai himofiliya A mai tsanani kusan jikinsa bai san fakta 8 ba tun haihuwa, to ranar da aka zuba masa a jijiya sai jikin ya ɗauka baƙo ne ya faɗo gida ba sallama, sai ya haɗa abin da likitoci ke ce wa inhibita ta riƙe maganin, a yi allura jini bai tsaya ba, gwiwa na nan a kumbure. Kusan 3 cikin 10 na masu A mai tsanani suna samun haka. Masu B da ake ba fakta 9 ba su cika samu ba, amma nasu yakan zo da mugun borin jini, fuska ta kumbura numfashi ya sarƙe, shi ya sa alluran farko a asibiti ake yi, ba a kemis ɗin unguwa ba don Allah.

Maganar maƙociyar ina ga tsohon labari ne na shekarun 1980, lokacin da fakta da aka haɗa daga jinin mutane ya sa wa dubbai HIV da ciwon hanta a Amurka da Ingila. Yanzu ana tacewa a kashe ƙwayoyin cutar, wani ma ba daga jini ake yin sa ba.

Ke dai ki sayi ɗan littafi ki riƙa rubuta duk ranar da aka yi masa allura, don inhibita yawanci cikin ranakun allura 50 na farko take fitowa. In kin ga an yi yadda aka saba amma ba sauƙi, kai shi ɓangaren jini na Asibitin Malam Aminu Kano ki ce a gwada inhibita. Ko an samu akwai mafita, ana ba da fakta a kai a kai na watanni har jikin ya saba da shi, ko in mai A ne a koma allurar Hemlibra ta ƙarƙashin fata, sai dai fa akwai tsada. Au, kuma kar a ba shi asfirin ko ibuprofen, farasitamol kawai.