Ƙarancin bitamin D na jawo ƙarin mahaifa?

'Yar'uwa, kin ce hoton ciki ya nuna ƙari a mahaifarki, gwajin jini kuma ya nuna bitamin D ɗinki ya yi ƙasa, kina tambaya ko ɗaya ne ya haifi ɗaya. Allah ya ba ki lafiya.

Alaƙa dai akwai. Wani bincike da aka wallafa a 2013 kan mata 'yan shekara 35 zuwa 49 a birnin Washington na Amurka ya gano cewa masu isasshen bitamin D, wato sama da nanogiram 20 a kowace mililita ta jini, haɗarin ƙarinsu ya ragu da kusan kashi 32 cikin ɗari. A ɗakin gwaji ma an ga bitamin ɗin yana rage yaɗuwar ƙwayoyin ƙarin. Kuma mata baƙar fata, waɗanda fatarsu ke jinkirin haɗa bitamin D daga hasken rana, su ne ƙarin ya fi kamawa, da wuri kuma.

Amma tafiya tare ba ta nufin ɗaya ke jan ɗaya. Abin da ke ciyar da ƙarin shi ne sinadaran jikin mace masu tafiyar da al'ada, wato estirojin da firojestaron, shi ya sa yakan motse bayan ɗaukewar al'ada. Gado da ƙiba ma suna da hannu.

Ki gyara ƙarancin, ko don ƙasusuwanki, ki sha bitamin ɗin bisa adadin da likita ya rubuta miki, domin yawansa na tara kalsiyam a jini har ya kawo tsakuwar ƙoda. Kada dai ki sa ran zai narkar da ƙarin da ya riga ya girma. In jinin al'ada na zuba da yawa ko kina jin jiri, ki koma wurin likitan mata a auna yawan jininki.