Amsar tambayarka a kan yabon yaro a gaban idonsa

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce Hajiya ta yi maka faɗa don ka ɗora bidiyon yaronka a Facebook yana yanka manya a filin ƙwallo har ƴan unguwa sun fara ce masa Messi, kana tambaya wai wannan hana yabo addini ne ko camfi ne kawai na mutanen da.

To ka saurara. Abu biyu ne suka haɗu a faɗan nata. Na farko alkunya, yaron nan ɗan fari ne, a gidanmu ko sunan ɗan fari ba a faɗa balle uba ya tsaya gaban jama'a yana koɗa shi. Wannan al'ada ce. Na biyu kambun baka, shi kuwa yana da tushe a addini, shi ya sa in abu ya burge ka sai ka ce tubarkalla masha Allah ka yi shiru.

Amma ni abin da ya fi damuna sunan nan ne da ake liƙa masa. Lokacin kana ƙarami, a 2007, Golden Eaglets, tawagar matasan Najeriya, suka ci kofin duniya na ƴan ƙasa da shekara 17 a Koriya ta Kudu, suka doke Sifen a bugun fenariti, Yemi Tella ne koci, Allah sarki bai daɗe da dawowa ba ya rasu. A cikinsu akwai ɗan Kano, Rabi'u Ibrahim, mai lamba 10. Wallahi yaron nan in ya riƙe ƙwallo da ƙafar hagu sai ka rantse ɗaure ta ya yi, nan take jaridu suka ce ga sabon Okocha. Sporting ta Fotugal ta ɗauke shi, bai samu shiga babbar tawaga ba, ya tafi PSV a Holan, daga nan Celtic ta Sikotilan a 2012 inda kusan zaman benci kawai ya yi, sai Kilmarnock, a can ma har ya taɓa faɗuwa ana tsakiyar wasa. Toni Kroos kuwa, da su Rabi'u suka fitar da ƙasarsa Jamus a wasan kusa da na ƙarshe a 2007 ɗin, yana cikin waɗanda suka ɗaga kofin duniya na manya a 2014.

Kuma fa Rabi'u bai lalace ba, a Sulobakiya ya ci kofunan lig da Trencin da Slovan Bratislava, ya ci abincinsa da ƙafarsa cikin mutunci. Amma je ka majalisa ka ambace shi, sai ka ji an ce ai bai kai ba. Bai kai ina ba? Inda bakin mutane ya ajiye shi tun bai yi gemu ba. Ni ban ce baki ne ya kama shi ba, Turai akwai rauni akwai sanyi akwai koci da bai san ka ba, rabo kuma na Allah ne. Abin da ya ba ni tausayi shi ne duk abin da ya samu an auna shi da mudun Okocha.

Don haka ka sauke bidiyon. Ka saya masa but mai kyau, ka riƙa zuwa fili kana kallo daga gefe, in an tashi ka ce Allah ya yi albarka, ya ishe shi. Boko da Islamiyya kuma kar ya bari ko da ajan, wato dillalin ƴan wasa, ya zo da maganar Turai, in ma ya zo ka turo min shi tukuna. Ka je ka ba Hajiya haƙuri, ka gaida mai ɗakinka da yara.