Keken Inna da zannuwanta

Hauwa'u 'yata, saƙonki ya iso, kuma ya faranta mini rai. Kin tambaya ko ya dace ki ɗauko keken ɗinkin Inna daga gidanmu na Gangare ki gyara, sannan ko al'ada ta yarda a yayyanka zannuwan mamaci a haɗa bargo da su.

Keken nan gado ne, ko da ya yi tsatsa a lungu. Duk abin da mamaci ya bari, har allura, na magada ne bayan an cire kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Ke jika ce, kuma muddin babanki yana raye ba ki da kaso. Mutane da yawa suna ɗaukar irin waɗannan kaya su ce ai ba wanda ya damu da su, ni kam ban yarda da wannan ba. Ki je wa babanki da Baffa da sauran 'yan'uwanmu ɗaya bayan ɗaya ki roƙa. Ni dai na yafe miki nawa kason tun yanzu.

Zannuwa ma haka. A al'adarmu bayan rabo a kan yi sadaka da wasu, 'ya'ya mata su ɗauki wasu don tunawa. Wanda ya faɗo hannunki naki ne, ba laifi ki sa masa almakashi. Amma mai kyau da wata za ta ɗaura ta rufa asiri, kada ki yanka shi. Ki nemi waɗanda gefensu ya ci. Inna da kanta haka take yi: ƙyallayen atamfa da suka rage daga ɗinkin sallah ba ta zubarwa, tana tara su a tsohon kwando, in sanyin Disamba ya kusa ta haɗa mana abin rufa. Kin san sanyin Jos ba wasa ba ne.

Keken Singer ne, baƙi mai zanen ruwan gwal, irin na masana'antarsu ta Clydebank a Sikotilan, wadda aka rufe a 1980. Akwai lamba da aka buga a gindinsa ta hannun dama, da ita ake gane shekarar ƙira, kada ki bari a kankare ta. Kada kuma ki bari wani ya ce zai yi masa sabon fenti. Zanen gwal ɗin nan ba ya son omo, ba ya son fetur. Tsumma mai laushi da ɗigon man keke ya ishe shi.

Cikinsa ne aikin. Tsohon mai ya daskare, shi ya sa kika ji ƙafar ta ƙi juyawa. Ki ɗiga kananzir a kowane ramin mai da duk inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, ki bar shi ya kwana, sai ki riƙa juyawa a hankali, ban da tilas. In ya saki, ki goge, ki sa man keke na gaskiya. Man gyaɗa da baƙin man mota lalata shi za su yi. Ki buɗe ƙarfen da ke ƙarƙashin allura, za ki tarar da audugar zare ta cushe haƙoran, ki share da tsohon buroshi. Bel ɗin fata tabbas ya bushe, sai sabo. Kwarkwaro da allura ba za su ba ki wuya ba, domin Butterfly na China kwaikwayon irin wannan keken ne, yawancin kayansu suna shiga juna. Masu kayan teloli suna nan a layukan Taminus, duk da gobarar 2002 da ta cinye babbar kasuwar.

Bargo hawa uku ne: ƙyallaye a sama, abin cikawa a tsakiya, zane ɗaya a ƙasa. Ki wanke ƙyallayen tukuna don mai zuba ya zuba, kada ki haɗa leshi da atamfa. Ki sa allura lamba 16, ki buɗe taƙin ɗinkin, ki fara daga tsakiya zuwa gefe don kada ya tattare.

In za a kawo miki shi Abuja, a cire kan daga teburin a naɗe shi daban, kada a kwantar da ƙafafun ƙarfen a ƙarƙashin kaya, suna karyewa. Ki gaida maigidan da yara.

Gwaggonki