Tambaya da Amsa: Zaɓen Kibod Bisa Tsarin Fedarsa

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina koyon fiyano, kuma malamina ya ce lokaci ya yi da zan fara aiki da ƙafa. Zan sayi kibod na lantarki, amma na ga wasu da feda ɗaya, wasu da uku, wasu kuma babu ko ɗaya. Wanne ya dace da ni?
Daga wata mai karatu

Amsa: Malama, kafin ki duba fedar da aka saka a kwali, juya kibod ɗin ki duba bayansa, domin ana iya sayen feda daban a kowane lokaci, amma kibod ɗin da ba a yi masa ramin jona ta ba, babu yadda za a yi da shi. Ramin da aka rubuta wa SUSTAIN ko DAMPER shi ne na fedar jan sauti, wadda ke barin sauti ya ci gaba da amo bayan kin ɗage yatsu. A fiyano na katako ita ce ta dama, kuma ita za ki fi takawa nesa ba kusa ba. Ta hagu tana tausasa sauti, ta tsakiya kuwa ba kasafai mai koyo ke buƙatarta ba, don haka kada feda uku su ruɗe ki.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne ko kibod ɗin yana gane rabin taku. Ƙaramar fedar roba da ake yawan haɗawa da kibod kunnawa da kashewa kawai ta sani, alhali feda irin su Yamaha FC3A da Roland DP-10 suna auna zurfin takun, ta yadda sauti zai ja kaɗan ba tare da ya cakuɗe ba. Sai dai dole kibod ɗin ma ya iya karɓar wannan, in ba haka ba kuɗin ya tafi a banza.

Ki kuma tambayi yawan sautukan da yake iya riƙewa lokaci guda. Taka feda na cinye su da sauri, saboda haka 128 ya fi 64 kwanciyar hankali.

Kamfanoni sun bambanta wajen haɗa wayar feda, shi ya sa fedar wani kamfani kan yi aiki a baibai a kibod ɗin wani: sauti ya ja idan kin ɗaga ƙafa, ya yanke idan kin taka. Ki nemi mai ɗan makunnin sauya wannan a ƙasanta, kuma kada ƙafarki ta kasance a kanta lokacin da kike kunna wutar kibod ɗin.